BABI NA BIYU: TARIHIN SAMUWAR LIKITAN FARFAƊO DA NAƘASASSU, AIKINSA DA SHARUƊƊAN ƘWAREWARSA

2.0 Gabatarwa

Masu iya magana kan ce waiwaye adon tafiya. A wannan babi za a waiwayi tarihin wani reshe na aikin likita wanda bai daɗe da samun gindin zama ba, wato fannin farfaɗo da naƙasassu da waɗanda ciwo ko rauni ya raunana gaɓoɓinsu. Likitan da ya ƙware a wannan fanni shi ne Turawa suke kira fiziyatiris. Za a duba yadda fannin ya samo asali a ƙasashen Turai da Amurka, da mutanen da suka yi ɗawainiyar kafa shi, da irin aikin da likitan yake yi, da kuma matakan karatun da ake bi kafin a amince da mutum a matsayin ƙwararre. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, kowane ɗaya daga cikin ayyukan wannan likita da sharuɗɗan ƙwarewarsa ya samo tushe ne daga wata matsala da ta taɓa tasowa a tarihi, musamman yaƙe-yaƙen duniya guda biyu da annobar shan inna. Waɗannan masifu sun bar ɗimbin mutanen da likitoci suka ceci rayukansu, amma aka rasa wanda zai koya musu yadda za su ci gaba da rayuwa da jikin da ya rage musu.

2.1 Tushen Fannin Kafin Ƙarni na Ashirin

Yin magani ta hanyar gashi da tausa da motsa jiki da wanka da ruwan ɗumi tsohon abu ne a tsakanin al'ummu. A ƙasar Hausa ma maɗori yakan ɗora karaya, ya gyara targaɗe, ya yi umarni da a riƙa gasa wurin da ruwan zafi. Sai dai a Turai, a cikin ƙarni na goma sha tara, an fara shigar da waɗannan hanyoyi cikin tsarin ilimi na makaranta. A shekarar 1813 Pehr Henrik Ling ya kafa makarantar koyar da motsa jiki a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin, inda ake koyar da motsa gaɓoɓi a matsayin magani. A Faransa kuwa Duchenne de Boulogne ya yi amfani da lantarki wajen gwada tsoka da jijiya, ya kuma wallafa littafi a kan haka a 1855. Haka nan Niels Finsen na ƙasar Danmak ya sami lambar yabo ta Nobel a 1903 saboda maganin cutar fata da ya yi ta hanyar haske.

Duk da wannan ci gaba, manyan likitoci na wancan zamani ba su ɗauki masu wannan aiki da daraja ba. Dalili kuwa shi ne, 'yan damfara sun cika kasuwa da na'urorin lantarki iri-iri suna cewa suna warkar da kowace cuta, har ya zama da wuya a bambance likitan gaskiya da mai neman kuɗi. Wannan zargi ya daɗe yana bin fannin, kuma shi ne ya sa daga baya magabatansa suka dage a kan sai an kafa jarrabawa da takardar shaida.

2.2 Yaƙin Duniya na Ɗaya da Annobar Shan Inna

Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda aka gwabza daga 1914 zuwa 1918, ya mayar da dubban samari gida babu hannu ko ƙafa. A Ingila, likitan ƙashi Robert Jones ya jagoranci asibitin soja na Shepherd's Bush da ke Landan daga 1916, inda aka buɗe ɗakunan sana'a domin sojan da aka yi wa aiki ya riƙa motsa gaɓarsa ta hanyar sassaƙa ko ƙira ko ɗinki. Amurka ma, bayan ta shiga yaƙin a 1917, ta horar da mata masu taimaka wa likitoci wajen tausa da motsa jiki, kuma daga cikinsu ne sana'ar gashin ƙashi ta ƙasar ta tsiro. Amma waɗanda suka sami rauni a laka ba su ci moriyar wannan ƙoƙari ba. Likitan ƙwaƙwalwa Harvey Cushing ya bayar da rahoton cewa kimanin kashi 80 cikin ɗari na sojojin Amurka masu irin wannan rauni sun mutu cikin 'yan makonnin farko, galibi saboda gyambon kwanciya da ciwon mafitsara.

A daidai wannan lokaci cutar shan inna ta addabi Amurka. A annobar 1916 an sami mutum kimanin 27,000 da suka kamu, wajen 6,000 suka mutu. A 1921 Franklin Roosevelt, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasar, ya shanye daga ƙugu zuwa ƙasa, likitocinsa kuma suka ce shan inna ce. Ya riƙa zuwa wankan ruwan ɗumi a Warm Springs ta jihar Jojiya, kuma a 1927 ya kafa gidauniyar da ta mayar da wurin cibiyar jinyar masu wannan cuta. A 1940 wata ma'aikaciyar jinya daga Ostireliya mai suna Elizabeth Kenny ta isa Amurka, ta soki al'adar ɗaure gaɓoɓin yara cikin filasta na tsawon watanni, ta nuna cewa gasa tsoka da tsumma mai ɗumi da motsa ta da wuri ya fi amfani. Likitoci da yawa sun yi jayayya da bayaninta game da yadda cutar take, amma aikinta ya taimaka wajen kawar da doguwar ɗaurewa. Annobar ta kai ƙololuwa a 1952, lokacin da kusan mutum 58,000 suka kamu, fiye da 21,000 kuma suka sami shanyewar gaɓoɓi. Allurar rigakafin Jonas Salk ta fito a 1955, amma ba ta da abin da za ta yi wa waɗanda cutar ta riga ta taɓa.

2.3 Frank Krusen da Kafuwar Fannin a Jami'a

Mutumin da ake ɗauka a matsayin uban wannan fanni a Amurka shi ne Frank Krusen, wanda ya rayu daga 1898 zuwa 1973. Da farko niyyarsa ita ce ya zama likitan fiɗa, sai tarin fuka ya kama shi yana matashin likita, aka kwantar da shi a gidan jinyar masu wannan cuta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A can ne ya ga yadda doguwar kwanciya take raunana jikin majinyaci, take kuma kashe masa zuciya har ya koma mai dogaro da wasu. Bayan ya sami sauƙi ya kafa sashen maganin jiki ta hanyar zafi da haske da lantarki da motsa gaɓoɓi a Jami'ar Temple da ke Philadelphia a 1929. A 1935 ya koma asibitin Mayo a jihar Minnesota, inda a 1936 ya buɗe shirin horar da likitoci na shekara uku, wanda shi ne irinsa na farko a ƙasar.

Krusen ne ya ƙirƙiro sunan fiziyatiris a 1938, daga kalmomin Girkanci guda biyu, ɗaya tana nufin halitta ko jiki, ɗayar kuma tana nufin mai magani. Manufarsa ita ce a bambance likitan da ya ƙware a fannin da ma'aikacin gashin ƙashi, domin a lokacin sunayen da ake kiran su da su sun yi kama ƙwarai. A 1941 ya wallafa babban littafinsa na koyar da fannin. Sa'an nan a 1943 wani attajiri mai suna Bernard Baruch, wanda mahaifinsa likita ne mai magani da ruwa, ya kafa kwamitin bincike a kan fannin, ya kuma bayar da fiye da dala miliyan ɗaya ga jami'o'i domin bincike da horar da matasan likitoci. Wannan kuɗi ne ya samar da malaman da suka buɗe sassan fannin a jami'o'i daban-daban bayan yaƙi.

2.4 Yaƙin Duniya na Biyu: Howard Rusk da Ludwig Guttmann

A Yaƙin Duniya na Biyu samuwar fenisilin da ƙarin jini da saurin kwashe masu rauni sun sa sojoji da yawa, waɗanda da a yaƙin farko ne da sun mutu, suka rayu. Wannan nasara ita ce ta haifar da sabuwar matsala, domin asibitoci sun cika da mutanen da ciwonsu ya warke amma ba za su iya komawa fagen daga ko gida ba. Howard Rusk, likitan cututtukan ciki daga birnin St. Louis, ya shiga rundunar sojan sama ta Amurka a 1942. A barikin Jefferson da ke jihar Missouri ya lura da cewa sojojin da ke murmurewa suna zaman kashe wando a gadajensu, kuma da yawa daga waɗanda aka sallama sukan dawo asibiti. Sai ya tsara musu motsa jiki daidai ƙarfin kowa, da darussa, da koyon sana'a, da kula da halin da zuciyarsu take ciki. Da aka ga amfanin shirin sai aka bazu da shi zuwa sauran asibitocin rundunar.

Rusk ya riƙa koyar da cewa aikin likita mataki uku ne. Na farko rigakafi, na biyu magani ko fiɗa, na uku kuma mayar da majinyaci daga gado zuwa ga aikinsa. Bayan yaƙi ya koma Jami'ar New York, inda a 1948 ya buɗe cibiyar farfaɗo da farar hula, wadda a yau take ɗauke da sunansa.

A Ingila kuwa Ludwig Guttmann ne ya yi fice. Shi Bayahude ne likitan ƙwaƙwalwa da jijiya, wanda ya gudo daga Jamus a 1939 saboda zaluncin gwamnatin Hitila. A watan Fabrairu na 1944 ya buɗe sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville. Ya kafa doka cewa a riƙa juya kowane majinyaci bayan awa biyu, dare da rana, domin hana gyambon kwanciya, a kuma riƙa zuƙe fitsari da roba mai tsabta lokaci-lokaci domin kare mafitsara da ƙoda. Da waɗannan matakai masu sauƙi ya sauya raunin da a da ake ɗauka hukuncin kisa ne. Bugu da ƙari ya shigar da wasanni cikin jinya. A ranar 29 ga Yuli, 1948, ranar da aka buɗe gasar Olamfik ta Landan, ya shirya gasar harbi da kwari da baka tsakanin mutum 16 masu keken guragu. Wannan gasa ce ta girma har ta zama gasar naƙasassu ta duniya, wadda aka fara yi a birnin Rum a 1960 da 'yan wasa kimanin 400 daga ƙasashe 23.

A shekarar 1947 aka kafa hukumar da ke shirya jarrabawar ƙwarewa a fannin a Amurka, Krusen ya zama shugabanta na farko. A 1949 aka ƙara kalmar farfaɗowa a cikin sunan hukumar. Ta haka ne tafarkin Krusen na magani da zafi da lantarki da motsa jiki ya haɗu da tafarkin Rusk na mayar da mutum cikin jama'a, suka zama fanni guda.

2.5 Aikin Likitan Farfaɗo da Naƙasassu

Yawancin fannonin likita an raba su ne bisa ga sassan jiki, kamar likitan ido da na zuciya da na ƙoda. Shi kuwa wannan likita abin da ya sa a gaba shi ne abin da majinyaci yake iya yi da jikinsa: ko yana iya tashi daga shimfiɗa, ya ci abinci da hannunsa, ya kewaya, ya yi magana, ya koma gona ko kasuwa ko makaranta. Masu zuwa wurinsa sun haɗa da masu shanyewar ɓarin jiki, da masu raunin laka ko na ƙwaƙwalwa, da waɗanda aka yanke wa hannu ko ƙafa, da yaran da aka haifa da lalurar da ke sanƙarar da gaɓoɓi, da masu ciwon baya da na gaɓoɓi wanda ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Ana iya kasa aikinsa kamar haka:

(a) Gano cuta. Yana duba majinyaci kamar kowane likita, yana kuma gwada tsoka da jijiya da na'urar lantarki domin ya san inda lahanin yake. Wannan gado ne daga aikin Duchenne.

(b) Auna iyawar majinyaci. Akwai ma'aunai da aka tsara domin haka, kamar ma'aunin Barthel na 1965, wanda yake duba abubuwa goma na rayuwar yau da kullum, irin su cin abinci da wanka da sa tufafi da hawa matakala, ya ba da maki daga 0 zuwa 100.

(c) Magani ba tare da fiɗa ba. Yana rubuta magunguna, yana yin allura a gaɓa ko a tsokar da ta ƙage, yana kuma zaɓar wa majinyaci ƙafar roba ko takalmin ƙarfe ko keken da ya dace da shi.

(d) Hana aukuwar wata cuta a kan ta farko, kamar gyambon kwanciya da ciwon mafitsara da ƙagewar gaɓoɓi. Wannan darasin Guttmann ne.

(e) Jagorancin ayarin ma'aikata. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ayarin ya ƙunshi ma'aikacin gashin ƙashi, da mai koyar da ayyukan yau da kullum, da mai gyaran magana da haɗiya, da mai ƙera gaɓoɓin roba, da ma'aikatan jinya, da masanin halayyar ɗan'adam, da jami'in jin daɗin jama'a. Likitan ne yake haɗa kansu su tsayar da manufa guda tare da majinyaci da iyalinsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙarfafa wannan fahimta a tsarin da ta fitar a 2001, wanda ya nuna cewa naƙasa tana faruwa ne daga haɗuwar lahanin jiki da yanayin wurin da mutum yake zaune. Alal misali, mai keken guragu da ke zaune a gidan da ƙofarsa take da faɗi ya fi wanda ƙofarsa take da dokin ƙofa mai tudu walwala, ko da kuwa rauninsu iri ɗaya ne.

2.6 Sharuɗɗan Ƙwarewa

Sharaɗi na farko shi ne mutum ya zama cikakken likita mai lasisin aiki. A nan ne ya bambanta da ma'aikacin gashin ƙashi, wanda yake da nasa digiri da tasa hukumar rajista, amma bai bi ta makarantar likita ba. A Amurka ɗalibi yakan yi shekara huɗu a digirin farko, ya yi huɗu a makarantar likita, sa'an nan ya yi huɗu na horon ƙwarewa. Shekarar farko ta horon ta aikin asibiti ce gaba ɗaya, musamman cututtukan ciki, domin majinyacin da ya shanye sau da yawa yana ɗauke da hawan jini ko ciwon sukari. Sauran ukun kuwa na fannin ne zalla, a ɗakunan kwanciya da wurin ganin masu zuwa daga gida, kuma ana bukatar ya yi gwajin tsoka da jijiya kimanin 200 kafin ya gama. Daga nan sai jarrabawar hukuma kashi biyu, ta rubutu da ta baka. Wanda yake son zurfafawa yakan ƙara shekara ɗaya ko biyu a reshe guda, kamar raunin laka, ko raunin ƙwaƙwalwa, ko farfaɗo da yara, ko maganin zugi, ko raunin 'yan wasa. A ƙasashen Turai horon yakan ɗauki shekara huɗu zuwa biyar bayan digirin likita. A 1999 ne manyan ƙungiyoyin fannin guda biyu suka haɗe suka zama ƙungiyar duniya guda ɗaya.

Bayan takardu akwai halayen da aikin yake nema. Farfaɗowa abu ne na watanni ko shekaru, saboda haka dole likitan ya kasance mai haƙuri, mai sauraro, mai iya faɗa wa iyali gaskiyar abin da zai dawo da wanda ba zai dawo ba, ba tare da ya karya musu zuciya ba.

2.7 Matsayin Fannin a Nijeriya

Aikin farfaɗowa ya shigo Nijeriya ne ta hanyar gashin ƙashi. A 1945 wasu Turawan Ingila biyu suka fara aikin a asibitin ƙashi na Igbobi da ke Legas, inda ake jinyar sojojin da suka dawo daga yaƙi. An buɗe asibitin ƙashi na Dala a Kano a 1959, Jami'ar Ibadan ta fara bayar da digiri a gashin ƙashi a 1966, sa'an nan a 1988 gwamnatin soja ta kafa hukumar rajistar ma'aikatan farfaɗowa. Amma ɓangaren likitoci bai bunƙasa tare da su ba. Wani bincike da Andrew Haig da abokan aikinsa suka wallafa a 2009 ya nuna cewa ƙwararrun likitocin fannin da suka iya samu a ƙasashen Afirka kudu da Sahara a lokacin ba su kai goma ba. Wannan ne ya sa Bahaushe yake kiran ma'aikacin gashin ƙashi da sunan likitan gashin ƙashi, domin shi yake gani a asibiti, aikin jagorancin kuma yakan faɗa a wuyan likitan ƙashi ko na jijiya.

Bukatar kuwa a fili take. An tabbatar da kawar da ƙwayar shan inna ta daji daga Nijeriya a watan Agusta na 2020, amma kamar yadda ya faru a Amurka bayan 1955, waɗanda cutar ta riga ta shanye suna nan a garuruwan Arewa. Ga kuma masu haɗarin mota da babur, da masu shanyewar ɓarin jiki, da waɗanda rikicin Arewa maso Gabas ya raunata. Al'adar Hausa ta tanadar wa naƙasassu shugabanci, kamar Sarkin Guragu da Sarkin Makafi, sai dai hanyar abincin da ta fi buɗe musu ita ce bara. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba su haƙƙin ilimi da aiki da shiga gine-ginen gwamnati, amma mutumin da ba a koya masa zama a keke ko kula da mafitsararsa ba, da wuya ya kai ga cin moriyar wannan haƙƙi.

2.8 Naɗewa

A wannan babi an ga yadda fannin farfaɗo da naƙasassu ya taso daga gashi da tausa na gargajiya, ya ratsa yaƙe-yaƙe biyu da annobar shan inna, har ya sami hukumar jarrabawa a 1947. An ga cewa zargin damfara ne ya jawo takardar shaida, mutuwar masu raunin laka ta jawo ƙa'idojin jinya, zaman banza na sojoji masu murmurewa kuma ya jawo aikin ayari. Ƙididdigar da aka yi a kan shekarar 2019 ta nuna cewa mutum kimanin biliyan 2.4 a duniya suna da lalurar da farfaɗowa za ta amfane su, kuma a watan Mayu na 2023 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙudurinsa na farko da ke neman ƙasashe su shigar da wannan aiki cikin tsarin lafiyarsu tun daga matakin farko. A babi na gaba za a duba yadda Bahaushe yake kallon naƙasa, da kalmomin da yake amfani da su wajen bayyana ta.